Abin da Yaya Take Yankewa

Jama'a, a gyara zama, a ajiye waya, mai tauna ya haɗiye! Yau zan gabatar muku da Sarauniyar Almakashi, Uwar Ɗakin Amare, Gwamnar Bene Mai Matakala Goma Sha Bakwai. Ita ce mai mai da bikin kwana uku ya koma minti arba'in ba tare da dangin ango sun yi ƙorafi ba. Ita ce ta taɓa cire kawun wani ango daga bidiyo ɗungurungum saboda yana sakace a bayan amarya, kuma har yau kawun yana rantsuwa cewa ya je bikin. Wato dai yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ta ba ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Sana'arta haɗa bidiyo. Masu kyamara su je su kwaso hayaniyar biki, su kawo mata, ita kuma ta zauna ta tsince, ta yanke, ta jera, har abin ya zama kamar mutanen da ke ciki suna da hankali. Ɗakin aikinta yana saman shagon masu faci a bakin titi. Idan za ka hau, matakala ta tara tana motsi, ka taka gefenta. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai tebur ɗaya, allon kwamfuta biyu, fanka mai karyayyen wuya da aka ɗaure da tsohuwar wayar caja, da labule mai kauri da ba a ɗagawa sai za a yi shara. Kujerarta an yi ta da taya biyar, ɗaya ya yi ritaya, don haka Yaya tana zama a ɗan karkace kamar mai sauraron gulma. Kofin shayinta ya yi wa teburin zobe a wuri ɗaya, kuma ko da ido rufe a nan take dire shi.

Amare sukan hawo benen bayan biki da mako biyu, da sabon takalmi da sabuwar murya, su ce, "Anti, don Allah a ɗan haska ni."

Yaya ba ta juyowa. Sai ta ce, "Shi angon a duhu ya gan ki ya ce yana so?"

"A'a, Anti, kin dai gane."

"Zauna ki gani."

Sai ta taɓa nan ta taɓa can. Ba ta ƙara wa amarya fari ko kaɗan, ɗumi take ƙara wa launin, har fatar ta fito da sheƙinta, hasken taga yana zamewa a kan kumatu kamar an shafa mai. Amarya ta tsaya tana kallon kanta. Yaya ta ce, "Kyamarar ce ba a koya mata ganinmu ba. Ke lafiyarki ƙalau." Wasu su tafi suna murna. Wasu su kai aikin wani wuri a mai da su kalar cikin burodi. Ba ta taɓa bin kowa matakala tana roƙo ba.

Mijinta mai walda ne. Mu a gida Mai Walda muke ce masa. Ita kuwa "shi" kawai take cewa, amma duk wanda ya ji yadda take faɗin "shi" ɗin ya san ba mai facin ƙasa take nufi ba. Shekara biyu da aurensu ya samu aiki a wata tashar jiragen ruwa, a ƙasar da sai an hau jirgin sama biyu kafin a kai. Ya ce shekara biyu zai yi ya dawo. Yanzu ana cikin ta shida. Sau ɗaya ya zo, kwana goma sha tara, rabinsu suka tafi a gaishe-gaishen dangi.

Kiran waya ba ya yi musu daidai. Idan gari ya waye a nan, can yana cikin cikin jirgi da wuta a hannu, wayarsa a kulle a akwatin ma'aikata. Idan ya tashi daga aiki, su shida ne a ɗaki, kowa da tasa matar a kunne. Sai suka koma saƙon murya. Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin masu faci su ta da injin iska, Yaya takan rufe ƙofar ɗakin aikinta, ta yi kusan rabin awa a ciki. Na sha jin saƙon da take aikawa idan tana sake saurare kafin ta tura. Bai taɓa wuce minti ɗaya ba. Murya fes: an tashi lafiya, Inna tana gaishe ka, aiki alhamdu lillahi, ka ci abinci, ka riƙa sa abin rufe ido. Nakan ce mata, "Yaya, wannan ai labaran duniya ne. Saura ki ce a nan muka kawo ƙarshen shirin." Ta ce in je in nemi aikin yi. Ban taɓa tambayar kaina yadda minti ɗaya yake cin rabin awa ba.

To, ni ma na nemi aikin yi, na zama darakta. Ni na naɗa kaina, tunda makaranta mun rabu ba baram-baram ba, ita ta gaji ni ma na gaji. Fim nake so in yi na soyayya, na mutane irinmu, masu fata irin tamu da ɗaki irin namu. Na gaji da kallon fina-finan da idan an ga baƙar fata biyu a ɗaki, to ko dai faɗa ake, ko kuka, ko wani zai mutu kafin a gama. Sauran kuma aron soyayyar wasu suke yi, su sa mana ita kamar rigar da ba a gwada ba. Na samu jarumi, wani abokina mai aski da muke kira Dogo. Na samu jaruma, wata yarinya mai aiki a kantin magani, 'Yar Kemis, wadda ba ta samun fita sai ranar hutunta. Na ari kyamara. Wata makaranta ta yarda za ta ba mu aji ɗaya ranar Asabar da rana mu nuna wa mutane. Saura mai haɗawa, kuma mai haɗawa tana gidanmu.

Mun yi kwana biyu muna ɗauka, na kai wa Yaya ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Ta sa abin kunne ta kalla. A ciki Dogo ya durƙusa da gwiwa ɗaya, fure a hannu, wani yaron maƙwabta yana fesa musu ruwa da tiyo daga kan katanga wai ruwan sama ne. Dogo yana cewa, "Ke ce numfashina, ke ce bugun zuciyata." 'Yar Kemis tana kallon sama tana ƙifta ido saboda ruwan yana shigar mata.

Yaya ta cire abin kunne. Ta ce, "Auta."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Tun da aka haife ka, wa ka taɓa gani ya durƙusa a cikin taɓo da fure?"

"Ai fim ne, Yaya."

"Ka ce na mutane irinmu za ka yi. Wannan furen ma na roba ne, ga takardar kanti a jikinsa."

Washegari ta kira ni. Minti ashirin na kawo mata, ta mai da shi daƙiƙa arba'in. Kuma ba ma cikin abin da na tsara ba ne. Bayan na ce a tsaya, na manta ban kashe kyamara ba. 'Yar Kemis ta je bakin famfo tana wanke ƙafarta, tana tsaye da ƙafa ɗaya tana tangaɗi. Dogo ya zo ya ɗauki takalmanta ya riƙe, ya miƙa mata kafaɗa ta dafa, yana kallon wani wuri daban kamar ba shi ba. Da ta gama ya ajiye mata takalman, ya juyo da bakinsu wajenta.

Yaya ta nuna allon da haɓa. "Ga fim ɗinka nan. Shekara goma sha uku ina kallon ango da amarya. Duk abin da suke yi idan mai kyamara ya ce a yi murmushi, ƙarya ne. Hannu nake kallo, da abin da ake yi idan an ɗauka an gama. Je ka sake rubutu."

Na je. Kwana uku ina zaune da biro, abin da na samu shi ne "ke ce numfashina" da wasu kalmomin daban. Ashe ban san yadda mutane biyu suke magana idan ba kowa a wurin ba. Ni da ko budurwa idan na yi, ba ma kai wata biyu sai ta gane ni.

Ranar Litinin da hantsi Yaya za ta raka Inna asibiti a duba mata ido. Ta bar mini makulli, ta ce in kwashe wani aikin biki daga kwamfuta in zuba a abin ajiyar bidiyo, kada in taɓa komai. Ni kuwa idan aka ce kada in taɓa, hannuna ƙaiƙayi yake. A can ƙasan allon na ga wata folda an rubuta mata "Shara". Na ce bari in ga sharar manya.

Ƙananan fayiloli ne na murya, sun fi dubu, kowanne da kwanan wata. Wani daƙiƙa uku, wani goma. Na sa abin kunne na danna ɗaya. Numfashi ne kawai, dogo, irin wanda mutum yake saukewa idan ya ajiye kaya. Na danna wani, shiru ne, sai ƙarar fankar nan mai karyayyen wuya. Na danna na uku, sai ga muryar Yaya, amma ba wadda na sani ba. Wannan a ƙasa take, kamar ba ta gama farkawa ba.

"Jiya ƙwan fitilar banɗaki ya mutu. Na tsaya na kira ka. Da ƙarfi fa, har maƙwabciya ta leƙo."

Na danna wani.

"Na daina sayen babban burodi. Bushewa yake yi."

Wani kuma.

"Rigarka mai ruwan toka ta daina ƙamshinka. Ban san ranar da ta daina ba, da na sani da na lura."

"Wai in tambaye ka. Idan za ka shiga ɗakinmu, kana sunkuyawa a ƙofa ko ba ka sunkuyawa? Tun da na tashi nake so in tuna."

"Ba fushi nake ba. Na gaji ne da zama mai haƙurin nan da kowa yake yabo."

A nan na gane inda rabin awa yake tafiya. Yaya takan yi wa mijinta magana yadda ta zo mata, sannan ta ɗora muryar a kan kwamfuta kamar aikin biki. Ta yanke ajiyar zuciya, ta yanke shiru, ta yanke duk inda muryar ta yi rawa, ta manne ragowar sumul yadda ko ni ban taɓa jin tabon ba. Minti ɗaya mai tsabta ya tafi ƙasar waje. Sauran ya tafi Shara. Kuma da yake ita mai haɗa bidiyo ce, hannunta bai iya goge abu ba, sai dai ya ajiye.

Abin da ya kamata in yi shi ne in rufe in tashi. Na san haka a lokacin ma, ba sai daga baya ba. Amma na ciro littafina na kwafe guda goma sha biyu, kalma da kalma. Ƙasa masu faci suna ta dukan ƙarfe, ni ina sama ina sata.

Ranar Laraba, ranar hutun 'Yar Kemis, muka ɗauka a ɗakin Dogo da safe. Na cire fure, na kori tiyo. Na ce ta zauna a bakin gado, taga a gefen damanta, waya a hannu, tana aika wa mijinta da ke nesa saƙo. Dogo ba ya cikin hoton ma, takalmansa ne kawai a bakin ƙofa. Ta karanta takardar sau biyu, ta ɗago ta kalle ni.

"Darakta, wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni mana."

"Kai ɗin?" ta ce. "To."

Sau ɗaya muka ɗauka, minti huɗu ba tsayawa. Ba ta yi kuka ba. Da ta zo wurin burodi sai ta ɗan yi dariya, dariyar ta maƙale a hanya, ta yi shiru tana murza bakin zanen gado. Hasken tagar ya kwanta a gefen fuskarta, baƙar fatarta tana sheƙi yadda Yaya take so. Da na ce a tsaya, Dogo da ba ya rabuwa da surutu ya fita waje wai zai duba ko ya kulle shago.

Na kai wa Yaya da azahar. Ina hawa matakala ina gaya wa kaina wai za ta ji daɗi, wai ai girmamawa ce. Ta sa abin kunne ta danna. Ina tsaye a bayanta ina kallon wuyanta. Da aka zo ƙwan fitila, hannunta ya tsaya a kan tebur. Ba ta dakatar ba, ta kalla har ƙarshe. Sannan ta cire abin kunne ta naɗe wayarsa a hankali, zagaye bayan zagaye.

"Rufe ƙofa."

Na rufe.

"Nawa ka ji?"

"Kaɗan ne, Yaya."

"Nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Na so ta yi ihu, ko ta jefe ni da kofin nan. Ba ta yi ba. Ta ce, "Inna ba ta ji wannan ba. Shi bai ji ba. Kai ne za ka kwasa ka ba 'yar mutane ta karanta a gaban mai aski."

"Yaya, ba wanda zai san ke ce."

"Ni na sani."

Na sunkuyar da kai. Can na ce, "To me ya sa kike yankewa?"

Ta juyo da kujerar, tayan da babu ya sa ta karkace. "Ka san aikin da yake yi? Awa goma a tsaye cikin ƙarfe mai zafi. Ya koma ɗaki, mutum shida, ya kwanta ya juya wa bango fuska ya sa abu a kunne. Minti ɗayan nan shi ne gidansa. In cika masa shi da ƙwan fitila? In ce masa na manta tsawonsa? Me zai yi da shi a can, ya haɗiye?"

Da na bar bakina a rufe da an wuce wurin. Amma bakina ba ya shawara da ni. Na ce, "To ai shekara shida ke nan yana auren mai karanta labarai. Ita matar tasa tana cikin Shara."

Ta dube ni. Ta ce, "Ajiye makullina a kan tebur. Ka taka gefen ta tara."

Daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. A gidan Inna idan na shigo sai ta tashi ta tafi wanke kofin da yake a wanke. Inna ta ce, "Kai Auta, me ka yi wa yayarka?" Na ce saɓanin sana'a ne. Inna ta ce, "Kai har sana'a gare ka da za a saɓa?" Fim ɗin gaba ɗaya yana hannun Yaya, ni ko kwafi ban riƙe ba. Asabar tana matsowa. Amma gaskiya ba fim ɗin ne ya fi damuna ba. Ranar Alhamis da Juma'a na je da sassafe na tsaya a ƙasan bene, wurin tulin tsofaffin tayoyi. Ƙarfe bakwai ta yi, ban ji an rufe ƙofa ba. Tagar a buɗe, labule a ɗage, Yaya tana zaune tana kallon titi, wayar a kan cinyarta. Kwana biyu ba ta aika masa komai ba. Na ce shi ke nan, na shiga tsakanin mace da mijinta na tsinke ɗan zaren da ya rage.

Ranar Asabar da hantsi mai facin ƙasa ya miƙo mini ƙaramin abin ajiya a cikin ambulan. Ya ce, "Anti ta ce a ba ka." Fim ɗin ne a ciki, ba takarda, ba saƙo.

Mun toshe tagogin ajin da barguna. Mutum talatin da wani abu suka zo, rabi abokan askin Dogo ne, sai ma'aikatan kantin magani, sai wasu mata da suka shigo don an ce kyauta ne. Na ajiye wa Yaya kujera a gaba, na ɗora littafina a kai. Ni kaina ban ga fim ɗin ba sai a nan, tare da kowa.

Yaya ta fara fim ɗin da takalman nan na bakin famfo. Aka yi dariya, wani ya ce, "Dogo, ashe kana da tarbiyya!" Sannan ɗakin ya fito, da gado, da taga. Ina jiran in ga inda almakashi ya bi. Yaya, wadda ba ta taɓa barin hoto ya wuce daƙiƙa shida bai canza ba, ta bar minti huɗun nan yadda suke. Ta bar shirun. Ta bar dariyar da ta maƙale. Ta bar ma inda wani babur ya wuce a waje. Ajin ya yi tsit, har ana jin injin nuna hoton yana huci. Wata mata a bayana, mai goyo, ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Burodin nan, wallahi haka ne."

Wuri ɗaya kawai aka taɓa, kuma ni kaɗai na sani. Tambayar ƙofa, ko yana sunkuyawa ko ba ya sunkuyawa, babu ita. Ta rufe gurbin da hoton labule yana motsi, daƙiƙa biyar.

Aka tafa. Dogo ya yi ta gaisawa da mutane kamar shi ya yi maganar, alhali a ɗakin takalmansa ne kawai suka fito. Kujerar gaba kuwa littafina ne ya kalli fim a kanta.

Ban tsaya kwashe barguna ba, na tafi benen. Ƙofa a buɗe. Yaya tana zaune a karkace, allunan biyu a kashe, abin da ban taɓa gani ba da rana. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, na yi laifi. Ki yafe mini."

"Ka yi," ta ce.

"Kin cire ta ƙofa."

"Wannan ba ta 'yan kallo ba ce. Mai ita na aika wa."

Ta juyo mini da fuskar wayar daga nesa. Saƙon murya ne, na safiyar ranar, minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya. Bai bi ta kwamfuta ba. Alama ta nuna an saurara tun tuni. Ba amsa.

Lahadi ba amsa. Litinin ba amsa. Ta ci gaba da aikin wani biki, tana yanke masu rawa tana jera masu cin abinci, wayar a kife kusa da zoben kofin. Duk sanda ta yi ƙara sai hannunta ya je ya dawo: mai kyamara ne, amarya ce, kamfanin waya ne. Na zauna a kan matakala ta goma ina jin kamar in je in auri laifin in huta.

Ranar Talata da la'asar saƙon ya shigo. Na hango tsawonsa kafin ta kife: minti tara. Mutumin da saƙonsa bai taɓa wuce daƙiƙa arba'in ba. Ta sa abin kunne ta juya mini baya. Wannan karon na sauka ƙasa da kaina, na zauna wurin masu faci, har na taya su riƙe taya. Sai da aka kusa rufe shago na hau.

Idonta ya yi ja, amma muryarta daidai take. Ta ce, "Ashe tari yake yi. Ya fi shekara. Idan ya fara saƙo tarin ya zo, sai ya goge ya sake. Wani lokaci sau biyar. Shi ya sa ba ya wuce daƙiƙa arba'in, iyakar abin da yake iya riƙewa ke nan."

"Ya je asibiti?"

"Na ce ya je. Ya ce zai je. Na ce ya aiko mini da takardar in gani."

"Ya ce yaushe zai dawo?"

"Bai ce ba." Ta kunna allon, ta jawo aikin biki. Can, ba ta juyo ba, ta ce, "Ya ce yana sunkuyawa. Wai sau biyu ƙofar ta taɓa fasa masa goshi, ni ce ma na sa masa magani."

Yau wata huɗu ke nan. Mai Walda bai dawo ba, kuma ba a sa rana ba. Likita ya ba shi magani, an mai da shi aikin da ba hayaƙi sosai. Yaya har yanzu ƙaramin burodi take saye. Har yanzu ita kaɗai take komawa ɗakin nan mai gajeriyar ƙofa, ta canza ƙwan fitila da kanta a kan kujera. Ƙarfe bakwai takan rufe ƙofar bene, sai dai yanzu kwamfutar a kashe take har ta gama. Wata rana takan fito da fuska a sake. Wata rana takan fito kamar an yi faɗa, kuma ina jin faɗan ake yi, irin wanda sai an jira awa goma kafin a ji ramuwa. Folda mai suna Shara tana nan a ƙasan allon. Ban buɗe ba, na rantse. Na dai ga adadin bai ƙaru ba.

Wannan karon sai da na nemi izini kafin in rubuta. Ta ce in rubuta in kawo ta gani. Jiya da sassafe na hau benen, na tsaya a tsakiyar ɗakin, na gyara murya, na karanta mata tun daga "Jama'a, a gyara zama" har zuwa nan, ina ɗaga hannu a wuraren da suka dace. Na gama na tsaya ina jiran tafi, ko hawaye, ko a ce Auta ashe kai ma mutum ne.

Ta kurɓi shayinta ta dire kofin a kan zobensa.

"Ya yi tsawo. Farkon nan duk surutu ne, a cire. Kuma taya biyu ne suka fita a kujerar, ba ɗaya ba, ko kallo ba ka iya ba. Bakwai ta yi. Fita ka ja mini ƙofar."